ANNABAWAN ALLAH DA ADAWAR MUTANENSU: DARASI GA MASU KIRA DA WAƊANDA AKE KIRA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya aiko manzanni da shiriya, Ya jarraba su da mutanensu, sa'an nan Ya sanya ƙarshe mai kyau ya zama nasu. Tsira da aminci su tabbata ga cikamakinsu, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako. Bayan haka:

Ƴan uwa musulmi, akwai mutum biyu da muke yawan gamuwa da su cikin masallatanmu, kuma saboda su ne muka zaɓi wannan darasi. Na farko shi ne wanda ya yi niyyar gyara, ko liman ne, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa da ya ƙi tauye tiya, sai ya gamu da zagi da ƙiyayya, gwiwarsa ta yi sanyi, har ya fara cewa da yana bisa gaskiya da Allah bai bar shi haka ba. Na biyu shi ne wanda ya ɗauki kowace ƙiyayya da aka yi masa hujja ce ta cewa shi ke da gaskiya, saboda haka ba ya jin nasiha, ba ya tausasa harshe, ya raba sahu, ya yanke zumunta, yana cewa ai haka aka yi wa annabawa. Dukansu biyu suna buƙatar su sake duba ƙissoshin annabawa da idon basira.

SUNNAR ALLAH CE

Alƙur'ani mai girma ya ambaci annabawa 25 da sunayensu, kuma mafi yawan waɗanda aka ba da labarinsu sun sha wuya a hannun mutanensu. A ƙarshen Suratu Hud, aya ta 120, Allah (S.W.T.) Ya bayyana dalilin kawo waɗannan labarai, wato domin Ya tabbatar da zuciyar Manzonsa da su. Tun daga ranar farko aka sanar da shi abin da ke gabansa. Imam Buhari ya ruwaito cewa lokacin da wahayi ya fara sauka, Nana Hadiza (R.A.) ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙatu ɗan Naufal, wanda ya san littattafan da suka gabata, sai ya shaida masa cewa mutanensa za su fitar da shi daga garinsa, domin babu wanda ya taɓa zuwa da irin wannan saƙo face an ƙi shi. Haka kuma Imam Tirmizi ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) cewa annabawa su ne suka fi kowa shan jarrabawa, sa'an nan waɗanda suka fi kama da su, kowa gwargwadon ƙarfin addininsa.

Abin da ya kamata mu lura da shi kuwa shi ne, adawar ba ta ƙofa guda take shigowa ba, kuma kowane annabi ya bar mana irin amsar da ta dace da ƙofar da aka shigo masa.

ANNABI NUHU (A.S.) DA IZGILIN MANYAN GARI

Suratul Ankabut, aya ta 14, ta gaya mana cewa Annabi Nuhu ya zauna cikin mutanensa shekara 950. Surar da ke ɗauke da sunansa ta nuna yadda ya yi kira dare da rana, a ɓoye da bayyane, su kuwa suna toshe kunnuwa da yatsu, suna lulluɓe kansu da tufafi don kada su gan shi. Gumakansu biyar ne: Wadda, Suwa'a, Yagusa, Ya'uƙa da Nasra. Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) ya bayyana cewa waɗannan sunayen mutanen kirki ne da suka rasu, aka kafa musu alamu don tunawa, da ilimi ya gushe sai aka koma bauta musu. Duk da taurin kansu, bai taƙaita ga tsoratarwa ba. Ya kwaɗaitar da su cewa idan suka nemi gafara, Allah zai saukar musu da ruwan sama mai yawa, Ya yalwata su da dukiya da ɗiya da gonaki da ƙoramu. Mu da ke zaman jiran damana kowace shekara mun fi kowa sanin nauyin wannan alkawari.

Hujjar manyan gari a kansa, kamar yadda ta zo a Suratu Hud, ita ce shi mutum ne kamarsu, kuma talakawa da ƙasƙantattu ne kawai ke binsa. Ya ƙi korar waɗannan talakawa don neman yardar masu hali, ya kuma shaida musu cewa ba dukiyarsu yake nema ba. Da ya fara sassaƙa jirgi, duk sa'ad da suka wuce sai su yi masa dariya. A ƙarshe kaɗan ne suka yi imani. Ɗansa na cikinsa ya ƙi shiga jirgin, ruwa ya ci shi a gaban idonsa, matarsa kuma Suratut Tahrim ta kawo ta misali ga waɗanda suka kafirta. Wanda ya yi wa'azi shekara biyu ko uku ya ce ya gaji da mutanen unguwarsa, to ya auna shekarunsa da waɗannan.

ANNABI IBRAHIM (A.S.) DA ADAWAR CIKIN GIDA

Zafin baƙo daban, zafin na gida daban. Annabi Ibrahim ya tashi ya tarar da mahaifinsa Azara cikin bautar gumaka. A Suratu Maryam, daga aya ta 42 zuwa ta 45, sau huɗu yana buɗe maganarsa da kiran uban da lafazin ɗa mai ladabi, yana nuna masa cewa abin da ba ya ji, ba ya gani, ba zai amfane shi da kome ba. Uban ya amsa da barazanar jifa da kora. Shi kuwa ya yi masa sallama ta rabuwa lafiya, ya yi alkawarin nema masa gafara, kuma bai bar nema masa ba sai da ta bayyana gare shi cewa maƙiyin Allah ne, kamar yadda Suratut Tauba ta yi bayani.

Da mutanen gari kuwa ya yi amfani da hujja. Ya farfasa gumakan ya bar babbansu, domin su tambaye shi in yana magana. Da hujja ta ƙare musu sai suka koma ga ƙarfi, suka hura wuta suka jefa shi ciki, Allah Ya mayar da ita sanyi da aminci. Haka ya yi da sarkin da ya yi da'awar rayawa da kashewa, wanda malaman tafsiri ke kira Namaruzu: ya nemi ya fito da rana daga yamma, sai bakinsa ya mutu. Daga nan ya yi hijira tare da Annabi Luɗu. Samarinmu da suka karanta littafi biyu ko uku suka dawo gida suna ɗaga wa iyayensu murya, har suna ƙin cin tuwon gidan, su tuna cewa mahaifin Annabi Ibrahim gunki yake bauta wa, nasu iyayen kuwa masu salla ne da azumi.

ANNABI YUSUF (A.S.): HASSADA, ƘAZAFI DA KURKUKU

Annabi Yusuf bai fara wa'azi ba tukuna lokacin da aka fara cutar da shi. Hassada ce ta sa ƴan uwansa suka jefa shi rijiya, ayari ya tsince shi, aka sayar da shi da ƴan dirhami ƙidayayyu, ya zama bawa a Masar. A gidan Azizu kuma kamun kansa ne ya jawo masa ƙazafi. Ko da rigarsa da ta tsage ta baya ta wanke shi, an kai shi kurkuku, ya yi shekaru a ciki. A can ɗin ma bai bar aikinsa ba: samari biyu da suka nemi fassarar mafarki, sai da ya fara kiran su zuwa ga kaɗaita Allah sa'an nan ya fassara musu.

Da sarki ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, Annabi Yusuf ya ba da fassara tare da shawara ba tare da ya gindaya sharaɗin a sake shi ba: a yi noma shekara bakwai a jere, a bar hatsi cikin zangarniyarsa don ya daɗe, kamar yadda manomanmu ke ajiye damma cikin rumbu. Ƙasar da ta ɗaure shi, shi ya cece ta daga yunwa. Amma da aka aiko a fito da shi, ya ƙi fita sai an bincika zancen matan nan an tabbatar da tsarkinsa, wanda ke nuna cewa haƙuri bai hana mutum neman a wanke sunansa ta hanyar da ta dace. Sa'ad da ƴan uwansa suka tsaya gabansa suna neman cimaka, yana da ikon ramuwa, sai ya ɗauke musu zargi ya roƙa musu gafara. Malaman sira sun ambata cewa irin wannan amsa ce Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Ƙuraishawa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira.

ANNABI MUSA (A.S.): FIR'AUNA A GABA, MUTANENSA A BAYA

Babu annabin da sunansa ya yawaita cikin Alƙur'ani kamar Annabi Musa, an ambace shi sau 136. An aike shi da ɗan uwansa Haruna zuwa ga sarkin da ya yi da'awar allantaka, yana yanka ɗiya maza na Bani Isra'ila. Duk da haka, umurnin da aka ba su a Suratu Ɗaha, aya ta 44, shi ne su yi masa magana mai taushi, ko ya tuna ko ya ji tsoro. Sun bayyana wa Ubangijinsu cewa suna jin tsoro, Ya tabbatar musu cewa Yana tare da su, Yana ji, Yana gani. Ashe jin tsoro ba aibi ba ne ga mai kira, muddin bai hana shi tafiya ba.

Fir'auna ya kira shi masihirci, ya kira shi mahaukaci. A Suratu Gafir, aya ta 26, har cewa ya yi yana tsoron kada Musa ya canza wa mutane addininsu ko ya kawo ɓarna cikin ƙasa. Azzalumi ne ya yi shigar mai kare addini, Annabin Allah kuwa aka maishe shi mai tada fitina. Amma daga cikin gidan Fir'auna ɗin Allah Ya fitar da masu imani: matarsa Asiya, da wani mutum daga danginsa da ke ɓoye imaninsa, da masihirtan da aka tara don su kunyata Annabi Musa, suka faɗi suna sujada, ba su ja da baya ba ko da aka yi musu barazanar yanke hannuwa da ƙafafu da gicciyewa bisa itatuwan dabino.

Abin da ya sha a hannun mutanensa bai gaza wannan ba. Tun a Masar suna masa ƙorafi cewa an cuce su kafin zuwansa, an kuma cuce su bayan zuwansa. Suna ƙetare teku suka ga masu bautar gumaka, suka nemi a yi musu nasu. Ya tafi ganawa da Ubangijinsa dare 40, kafin ya dawo Samiri ya ƙera musu ɗan maraƙi, har sun kusa kashe Annabi Haruna da ya hana su. Da Annabi Musa ya kama gemunsa da kansa cikin fushi, uzurin Annabi Haruna shi ne ya ji tsoron a ce ya raba kan Bani Isra'ila. Wannan uzuri ya isa abin tunani ga duk mai gaggawar ɓallewa ya gina nasa masallaci saboda saɓanin da malaman mazhabobi suka daɗe da sani, kamar ƙabalu da sadalu. Daga bisani suka ƙi shiga ƙasa mai tsarki, aka hukunta su da ɗimuwa shekara 40, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) cewa wajen rabon ganimar Hunaini wani mutum ya ce ba a yi rabon don Allah ba. Fuskar Manzon Allah (S.A.W.) ta canza, sa'an nan ya roƙa wa Annabi Musa rahama, ya ce an cutar da shi fiye da haka ya yi haƙuri. Ga yadda shugaban halitta da kansa yake lallashin zuciyarsa da waɗannan ƙissoshi.

WAƊANDA BA SU GA NASARA DA IDONSU BA

Kada mu zaci kowace ƙissa tana ƙarewa da nutsewar Fir'auna. Alƙur'ani ya faɗa a Suratul Baƙara da Suratu Ali Imrana cewa Bani Isra'ila sun ƙaryata wasu annabawa, sun kashe wasu ba da haƙƙi ba. Malaman tarihi, cikinsu har da Ibnu Kasir, sun kawo cewa an kashe Annabi Yahaya ɗan Zakariyya (A.S.) domin ya ƙi halatta wa wani sarki auren da shari'a ta haramta. Littattafan Ma'abota Littafi suna kiran sarkin Hirudus, kuma masanin tarihin Yahudawa Yusifus ya ce an kashe shi a wata ganuwa da ke gabas da Tekun Gishiri, cikin ƙasar Urdun ta yau. Haka kuma sun ba da labarin Irmiya, wanda Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, cewa ya gargaɗi mutanen Baitil Maƙdis, suka doke shi, suka ɗaure shi, har Buhtanasar sarkin Babila ya rushe birnin wajen shekara 586 kafin miladiyya. Ƙa'idarmu game da irin waɗannan labarai ita ce wadda Manzon Allah (S.A.W.) ya koya mana: abin da Alƙur'ani da sunna suka tabbatar mun karɓa, abin da suka ƙaryata mun bari, abin da suka yi shiru a kansa ba mu gaskata shi ba mu ƙaryata shi.

Annabi Isa (A.S.) kuwa tun yana cikin zanen goyo aka yi wa mahaifiyarsa Nana Maryamu ƙazafi. Mu'ujizojinsa aka ce sihiri ne, aka ƙulla makircin kashe shi, Allah Ya ɗauke shi zuwa gare Shi, ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tabbatar. Kuma ya zo cikin Buhari da Muslim cewa an nuna wa Manzon Allah (S.A.W.) al'ummomi, ya ga annabi da mutum ɗaya ko biyu, ya ga annabi ba kowa tare da shi. Babu ɗayansu da ya gaza, domin isar da saƙo aka ɗora musu, shiryar da zukata kuwa na Allah ne.

ANNABI YUNUS (A.S.) DA HATSARIN GAGGAWA

An aiki Annabi Yunus ɗan Matta zuwa Ninawa, kusa da Mausil a ƙasar Iraƙi ta yau. Da suka ƙi shi sai ya fita yana fushi tun ba a yi masa izini ba. Ya shiga jirgi, aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa, kifi ya haɗiye shi, ya yi tasbihi cikin duffai yana mai iƙirari da laifinsa, Allah Ya tsirar da shi. Mutanen da ya ɗebe tsammani da su, su 100.000 ko fiye, duka suka yi imani. Saboda haka a Suratul Ƙalam aka umurci Manzon Allah (S.A.W.) da ya yi haƙuri da hukuncin Ubangijinsa, kada ya yi irin gaggawar ma'abocin kifi. Tare da haka ya hana kowa ya fifita kansa bisa Annabi Yunus, domin mu san ladabin magana game da annabawa.

A shekara ta 10 bayan aike, mutanen Ɗa'ifa suka sa yara da wawaye suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. Malaman sira sun ce wanda ya kawo masa inabi a wata gona a ranar, bawa ne Banasare mai suna Addas, mutumin Ninawa, garin Annabi Yunus. Da mala'ikan duwatsu ya nemi izini ya haɗe duwatsu biyu bisa mutanen da suka ƙi shi, sai ya ƙi, yana fatan Allah Ya fitar da masu bauta Masa daga tsatsonsu. Kuma haka aka yi.

MA'AUNIN DA ZA MU AUNA KANMU

Ƴan uwa, ga wanda gwiwarsa ta yi sanyi muna cewa: ƙin mutane ba alama ba ce ta cewa Allah Ya bar ka. An jefa Annabi Yusuf rijiya yana abin so wurin Allah, an kashe Annabi Yahaya yana abin so wurin Allah. Ka riƙe gaskiyarka, ka nemi taimako da haƙuri da salla.

Ga wanda ke taƙama da yawan maƙiyansa kuwa muna cewa: an ƙi annabawa, amma an ƙi Musailamu maƙaryaci ma, kuma jama'a na ƙin ɓarawo da annamimi. Ƙiyayya ita kaɗai ba ta tabbatar da kome. Kafin mutum ya jingina kansa ga annabawa, ya auna kansa da abubuwa huɗu. Na ɗaya, me aka ƙi gare shi, saƙon ko halinsa? Maƙiyan annabawa ba su taɓa kama su da ƙarya ko cin amana ba, Ƙuraishawa ma suna ƙaryata Manzon Allah (S.A.W.) alhali ajiyarsu na ɗakinsa. Na biyu, me yake nema? A Suratush Shu'ara'i annabawa biyar a jere, Nuhu da Hudu da Salihu da Luɗu da Shu'aibu, kowannensu ya shaida wa mutanensa cewa ba ya neman lada wurinsu. Wanda rigimarsa ta limanci ce, ko ta kuɗin masallaci, ko ta shugabancin ƙungiya, kada ya sa mata rigar addini. Na uku, da wane harshe yake magana? Ba mu kai Annabi Musa daraja ba, wanda muke yi wa wa'azi kuma bai kai Fir'auna ɓarna ba. Na huɗu, me yake yi wa masu adawa da shi fata, shiriya ko halaka? Annabi Nuhu bai yi addu'a a kan mutanensa ba sai bayan da aka yi masa wahayi cewa babu sauran mai imani cikinsu, mu kuwa babu wahayin da ke zo mana game da maƙwabtanmu.

Akwai kuma abin da ya rage, wanda ya shafe mu duka. Idan muna karanta waɗannan ƙissoshi, kowa yakan ajiye kansa wurin annabin da aka cuta. Amma ƴan uwan Annabi Yusuf ɗiyan annabi ne, waɗanda suka wahalar da Annabi Musa kuma mabiyansa ne da suka ƙetare teku tare da shi. Shi ya sa a Suratul Ahzab, aya ta 69, muminai ne aka yi wa kashedi kada su zama kamar waɗanda suka cuci Musa. Idan wani ya gaya mana gaskiya game da riba, ko cin gadon marayu da na mata, ko algus cikin awo, mu duba maganar kafin mu duba talaucinsa ko ƙuruciyarsa ko ƙungiyar da ya fito, domin da irin wannan dubi ne manyan mutanen Annabi Nuhu suka halaka.

Muna roƙon Allah Ya ba mu haƙurin ɗaukar cuta saboda Shi, Ya tsare mu daga cutar da bayinsa na gari, Ya haɗa kan musulmi bisa gaskiya, Ya ba ƙasarmu lafiya da damana mai albarka, Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, Ya tashe mu cikin ayarin annabawa da siddiƙai da shahidai da salihai. Amin.